Tayoyin da Suka Tsufa a Ɗaki

Akwai wani wari da sabuwar taya take da shi, mai ɗan ɗaci, mai kama maƙogwaro. Yawancin mutane toshe hanci suke yi idan sun ji shi, ni kuwa ƙamshi nake ce masa. Makon jiya na je wani shagon tayoyi don in canza wa 'yar motata ƙafafu. Ina sa kai warin nan ya tare ni a bakin ƙofa, sai na ga kaina ina 'yar firamare, hannuna cikin tafin kakana, muna ratsa layin masu tayoyi da rana tsaka. Sai da yaron shagon ya maimaita "Hajiya, lafiya?" kafin na dawo hayyacina.

Bari in fara ba ka labarin motar, don in ba ka san ta ba, ba za ka gane zancen tayoyin ba.

A hannun kakannina na tashi, iyayen mahaifiyata, a wani gida mai faɗin tsakar gida a unguwar Ali Kazaure cikin Jos. Kakana direba ne tun zamanin haƙar kuza. Ya tuƙa wa kamfani manyan motoci har aikin ya mutu, Turawan suka tattara nasu ya nasu. Wani daga cikinsu, wanda kakana ya daɗe yana kai shi daji, ya bar masa wata mota da unguwarmu ba ta taɓa ganin irinta ba. Daga waje ka ce ƙaramar bas ce, fara da ta koma ruwan madara. Ciki kuwa ɗaki ne sosai: ga gado da katifarsa, ga ɗan teburi da ake naɗewa, ga kabad na kwanuka, ga wurin ɗora risho, har da labule a tagogi. Mu yara muna ce mata mota mai ɗaki. Kakata kuma kaza take ce mata, wai tun da aka kawo ta take kwanci, ba ta ƙyanƙyashe komai ba.

Kuma da gaskiyarta. Tun da na yi wayo a kan duwatsu da guntayen katako na san motar nan, a gindin gwaiba, ba taya ko ɗaya a jikinta. Kajin gidan a ƙarƙashinta suke ƙwai. Da damina, idan hadari ya taso daga bayan duwatsu aka fara zubo ƙanƙara, can muke rugawa mu rufe ƙofa, muna jin rufin yana kiɗa har ba ka jin maganar na kusa da kai. Da sanyi kuwa, irin sanyin Jos da ke sa ruwan alwala ya zama abin tsoro, kakana yakan fito kowace Juma'a da sassafe cikin tsohuwar kwat ɗinsa ya tayar da injin. Motar ta yi tari, ta yi kakari, ta turnuƙe gidan da hayaƙi, kaji su watse. Sai ya kashe, ya shafa sitiyari, ya sauko yana murmushi kamar wanda ya dawo daga Legas.

Tayoyin suna ɗakinsa. Guda huɗu ne, ya saye su sababbi fil da kuɗin sallamarsa daga aiki, tun kafin a haife ni. Ya jera su a kan katakon da ya sayo a kasuwar Katako don kada sanyin ƙasa ya taɓa su, ya lulluɓe su da buhuna. Ya ƙi ɗaura wa motar, wai rana za ta cinye su a banza, sai ranar tafiya. Idan ya gama dumama inji sai ya kira ni in riƙe masa tsumma, mu yaye buhunan, ya goge su ɗaya bayan ɗaya da man takalmi har su yi ƙyalli. 'Yan gashin nan na roba da ke jikin sabuwar taya duk suna nan, ba wanda ya karye. In na kai hannu zan tsinki ɗaya sai ya buge mini yatsa. Amarya yake kirana, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce ba na auren mai furfura.

Tafiyar da ake jira ta kakata ce. 'Yar wani ƙauye ce can gaba da Bauchi, aure ne ya kawo ta Jos. Da tana da ƙarfi takan je gida, amma daga baya ciwon ƙugu ya kama ta, ya zamana ko zaman tabarma ba ta iya daɗewa, balle zaman motar haya. A can kuwa mutum ɗaya ya rage mata, yayarta uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goye ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ita ma ido ya tafi, ba ta fita ko'ina. Shi ne kakana ya yi alkawari, ya ce zai kai ta a kwance, a kan gado, kamar tana ɗakinta. Don wannan alkawari ya sayi tayoyin.

To amma ka san yadda shekara take. Bana aka yi auren ƙanwar mahaifiyata. Baɗi iska ta yaye rufin ɗaki. Wata shekarar gari ya rikice, ba mai marmarin fita. Wata kuma mai ya yi wuya. Kullum kakana na cewa sai an shirya sosai, shi ba ya tafiyar gaggawa. Mutum ne mai tsari har ya yi yawa, irin wanda zai ninke tsumma kafin ya ajiye. Kakata tun tana tuni har ta koma zolaya, daga zolaya kuma ta yi shiru.

Cikin wata bazara, ana zafin nan da ko Jos sai ta ɗanɗana, wani direban garinsu ya yi sallama da saƙo. Ya ce tsohuwa tana kwance, kuma ba sunan da take kira sai na ƙanwarta. Kakata ba ta yi kuka ba. Ta sa aka ba baƙo ruwa, ta jira ya tafi, sannan ta dubi kakana.

"Malam, kazarka za ta tashi, ko kuwa?"

"Za ta tashi," in ji shi.

Washegari abokinsa ya iso da akwatin kayan aiki. Wani dattijo ne ɗan asalin Filato, makaniki, tare suka yi aikin kamfani. Ranar Lahadi kaɗai ba ka samunsa, yana coci. Tsofaffin nan biyu suka shige ƙarƙashin mota, ƙafafunsu kawai ake gani, suna gardama a kan abin da ya faru tun ba a haifi iyayenmu ba, kakata na aika musu da shayi da masa. Suka duba birki, suka canza mai, suka sa batir. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ke jan tasi a gari, shi ya gangara da tayoyin zuwa wurin mai faci a bakin layi. Unguwa ta fito kallo. Yara na bin su a guje, manya na cewa ma sha Allah, yau dai an ga tayoyin da ake ji a labari.

Mai faci ya ɗaura ta farko a kan wili, ya ba ta iska, ta cika ta yi tam. Kakana ya durƙusa yana shafa gefenta da tafin hannu, fuskarsa cike da fara'a. Can sai na ga hannun ya tsaya. Ya koma baya, ya sake bi da farcen babban yatsa a hankali.

"Amarya, zo nan. Idona ba ya kai wa. Gaya mini abin da kika gani a nan."

Na sunkuya. Da can ba komai a wurin sai baƙi mai sheƙi. Yanzu da iska ta buɗe ta, sai ga wasu siraran tsaga-tsaga sun bayyana, sun bi gefen tayar, sun shiga har cikin ramukan zanenta.

Na ce, "Kamar fason ƙafar kaka da sanyi."

Mutane suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya sa aka ɗaura ta biyu, aka ba ta iska, ya ce in duba. Haka take. Abokinsa ya danna ta da yatsa, ya ƙwanƙwasa, ya girgiza kai ya ce robar ta bushe, ta zama katako.

Kawuna ya ce, "Haba Baba, tayoyin da ko ƙasa ba su taɓa takawa ba? Ga gashinsu nan fa."

"Ba su taka ƙasa ba," in ji kakana, "amma shekaru sun taka su."

Ya yi bayani a taƙaice, don shi ba mai dogon zance ba ne. Ya ce a cikin Jos za su iya yaudarar mutum, saboda garin da sanyi. Amma da an gangara an bar duwatsu a baya, kwalta wuta ce a wannan wata, motar kuma nauyi gare ta. In ta gaba ta fashe ana cikin gudu, mai lafiya ma sai Allah, balle matar da ke kwance ba ta iya riƙe komai. Yana faɗa yana kallon tayar da ya yi shekaru yana goge mata jiki. Na ji tausayinsa har cikin raina, don kowa a wurin ya san abin da tayoyin nan suke a wurinsa.

Cikin 'yan kallo akwai wani dillalin tayoyi, sanin kawuna. Ya matso ya gaida kakana da ladabi, ya ce magana ai mai sauƙi ce. A ba shi waɗannan huɗun, shi kuma ya kawo wasu huɗu na hannu, 'yan Beljiyam, masu sauran rai sosai, yau ɗin nan, ba ciko. Gobe da asuba sai a kama hanya.

Kakana ya ce, "Su kuma waɗannan wa zai saya?"

"Masu bas mana, Baba. Da sun ga gashin nan an gama ciniki."

Kowa ya ji daɗi. Kawuna ya yi hamdala, ni har tsalle na yi. Kakana kuwa yana nan a durƙushe gaban tayar. Da ya miƙe sai ya ce a sace iskar, a cire su daga wili, a mai da su gida.

Da safe na fito da buta na tarar da shi a tsakar gida yana wasa wuƙar da yake yanka ragon layya. Tayoyin na jingine da bango. Ya ce in riƙe masa ɗaya. Ban gane ba sai da na ga ya soka wuƙar a gefenta ya ja. Robar ta yi wani ƙara marar daɗi. Ya zagaye ta da yanka, ya ture, ya ce in kawo ta biyu. Gumi na sauko masa ta gemu duk da sanyin safiya. Ni kuka nake yi, kuma haushinsa nake ji sosai, don a ganina tafiyar kakata yake yankawa.

Kakata ta dafa bango ta fito bakin ƙofarta. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

"Malam, yayata tana can tana mutuwa, kai kana nan kana yankan roba?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Bas a cike take tafiya. Kowa a cikinta da yayarsa."

Ya gama da ta huɗu, ya goge wuƙar, ya mai da ita kube.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi nauyi da na sani a gidan nan. Kakata ta daina yi masa magana. Ni ke kai masa abinci, ni ke dawo da kwanon kusan yadda na kai. Ya sayar da kekensa da rediyonsa, abin bai kai ko'ina ba, don tayar motar nan ba irin ta tasi ba ce. Kawuna ya kawo abin da ya samu yana cika yana batsewa, yana cewa da an ji maganarsa da yanzu an je an dawo. Ana haka saƙo na biyu ya zo, wai tsohuwa ta daina cin tuwo, sai ɗan kunu. Da la'asar nakan ga kakana zaune a mazaunin direba, motar na kan duwatsunta, hannunsa biyu a kan sitiyari, ba ya motsi.

Ran nan kakata ta ce in jawo mata akwatinta daga ƙarƙashin gado. Wannan akwati ba a buɗe shi a gabanmu. Ciki turamen atamfa ne da ba a ɗinka ba, waɗanda ta yi ta tarawa tun tana sayar da waina, da wasu tasoshi masu nauyi na gadon uwarta. Ta ɗauko turmin da ke can ƙasa, wanda ta fi so, ta warware shi a cinyarta. Duk inda ninki ya bi ya koɗe, a wuri ɗaya ma tana ja ya yage. Ta tsaya tana kallonsa. Sai ta yi 'yar dariya ta hanci.

"Ashe ni ma ina da tayoyi," in ji ta.

Ta aika aka kira dillaliya. Ta ware masu lafiya da tasoshin ta ba ta. Dillaliyar ta ɗauki yagaggen ta ce ai wannan in an ninke shi ta ciki ba mai ganewa. Kakata ta fizge abinta ta ce wannan ba na sayarwa ba ne, za ta yi shimfiɗa da shi a mota. Da aka kawo kuɗin ba ta ko kwance ƙullin ba. Ta miƙo mini ta ce, "Kai wa mijinki. Ki ce masa in ya sayo wasu ya kai ɗaki, ni da shi ne." Wannan ce maganar farko da ta aika masa. Da na faɗa masa sai ya juya mini baya yana gyaran hula, ya daɗe yana gyaran hular nan.

Washegari ya hana ni zuwa makaranta, ya ce yau ni ce idonsa. A layin masu tayoyi muka fara da shagon wani mutum mai ƙiba, ba Bahaushe ba ne, amma Hausar Jos ta zauna a bakinsa. Kakana ya ba shi labarin abin da ya faru, bai ɓoye komai ba, har da man takalmin. Mutumin ya riƙe baki.

"Baba, ai taya yana da ranan haihuwa. Ba su gaya maka ba? Zo ka gani."

Ya juya wata taya ya nuna mana wani ɗan zagaye a gefenta, da lambobi huɗu a ciki. Ya ce biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kuwa ka ga lamba uku kacal, to tayar ta girmi shekara ta dubu biyu, ka gudu. Kakana ya ce a maimaita masa. Aka maimaita. Ya ce duk tsawon tuƙinsa da yatsa da ido yake sanin taya, ba wanda ya taɓa nuna masa wannan, Allah ya saka da alheri. Dattijo mai furfura yana koyon abu a sana'arsa a gaban jikarsa, kuma ko kaɗan bai ji nauyin cewa bai sani ba.

Mai shagon ba shi da girman da muke nema, sai muka shiga zagaye. Duk shagon da muka shiga sai in durƙusa da ɗan hijabina in nemo zagayen, in karanta da ƙarfi, kakana ya lissafa a ransa. A nan na ga abin mamaki. Taya a cikin ledarta, ba a taɓa ɗaura ta ba, amma ta yi shekaru a sito tana jiran mai saye. Kakana sai ya ce, "Wannan sa'ar tayoyina ce," ya wuce. Wani mai shago ya fusata ya ce wa maƙwabcinsa, "Oga, tsohon nan da yarinyan nan za su kashe mana kasuwa." Ni kuwa daɗi nake ji, ina tafe ina fankama kamar wata jami'a.

Rana ta take sosai kafin muka samu huɗu 'yan ƙarshen bara. Da aka fito da su daga ciki, warin nan ya bugi hancina a karon farko a rayuwata. Kakana ya sunkuya ya shaƙa, ya lumshe ido.

"Kin ji, Amarya? Haka nawa suke yi da na kawo su. Sun daɗe da daina wari. Ni ne ban so in ji ba."

Da muka koma gida na je na duba yankakkun. Lamba uku ce. Su kuwa kakana bai zubar da su ba. Biyu aka tsaga aka yi wa awaki kwamin ruwa, saura ya kai wa mai yin takalman taya, aka yanko masa silifa guda, baƙi, mai kauri, ga zanen nan a ƙasa bai taɓa cin ƙasa ba.

Ranar tafiya, bayan sallar asuba, aka sauke motar daga kan duwatsu. Kaji suka tsaya suna kallon filin da ta bari. Aka shimfiɗa yagaggen turmin nan a kan katifa, aka kwantar da kakata, aka tokare ta da matasai, ni a gefenta. Kowa ya ɗauka kakana ne zai tuƙa, don shekara da shekaru wannan ranar yake jira. Ya tsaya a ƙofar direba da mabuɗi a hannu, ya dubi titi, ya murtsuke ido. Sai ya miƙa wa kawuna mabuɗin ya ce wanda ba ya ganin tsagar taya bai kamata ya nemi ramin titi ba. Ya zagaya ya zauna a gefe, da sabon silifansa a ƙafa. Abokinsa makaniki ya bi mu har bakin titi yana ɗaga hannu.

Muka bar duwatsun Jos a baya, muka gangara. Zafi ya rufe mu kamar an buɗe murfin tukunya. Kwalta na walƙiya daga nesa. Lokaci zuwa lokaci kakana zai ce a tsaya, ya sauka ya zagaya, ya ɗora tafinsa a kan kowace taya, ya dawo. Kakata daga kwance tana cewa a haka sai baɗi za a isa. Amma na lura bakinta kawai ke faɗa. Hannunta na riƙe da nawa, kuma muna ƙara matsawa riƙon na ƙara tsanani.

Da la'asar muka bar kwalta muka shiga hanyar ƙauyen. Daga inda kakata take kwance ba ta ganin waje sai saman itatuwa. Da motar ta rage gudu sai ta ce da ni a hankali, "Ɗaga labule. Gida mai tsamiya a ƙofa. Akwai tabarmi a waje? Akwai maza a zaune?"

Ko a lokacin na san abin da take tambaya. Na ɗaga labulen. Na duba gindin tsamiyar, na duba jikin katanga.

"Babu kowa, kaka. Awaki ne kawai."

Ta saki hannuna ta rufe fuska da mayafi. A kujerar gaba na ji kakana ya sauke wani numfashi mai tsawo, yana ta maimaita alhamdu lillahi.

Aka ɗauke ta aka shiga da ita wani ɗan ɗaki mai duhu, aka kwantar da ita kusa da yayarta. Tsohuwar ta rame har ba ta cika tabarma ba. Ta miƙo hannu tana lalube, ta samu fuskar kakata, ta bi goshi, ta bi kunci da babban yatsa a hankali, ta tsaya a kan tamoji. Sai ta ce da 'yar muryarta, "Wace tsohuwa ce kuka kawo mini? Ni yarinya na ajiye." Kakata ta fashe da dariya da kuka a haɗe, ta ce, "Yaya, ajiyar ce ta daɗe." A daren nan tsohuwa ta ci tuwo.

Mun yi kwanaki a can. Kullum suna kwance gefe da gefe suna hirar mutanen da duk sun mutu. Wata safiya kakata ta hango kakana yana ratsa tsakar gidan da silifansa, sai ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce, "To Malam, ga shi dai tayoyinka sun zo garinmu. A ƙafa." Shi ma ya yi dariya har da tari. Yayar tata ta rasu bayan saukar ruwan farko, mun riga mun dawo Jos. Kakata ta yi kuka, amma kuka ne na wanda ya yi sallama.

Na sha tambayar kaina, da na ɗaga labulen nan na ga tabarmi fa? Da kakata ba za ta taɓa yafe masa ba, ina jin ni ma haka. Kuma ya san da wannan tun yana wasa wuƙar, shi ya sa gumi ke sauko masa. Bai san ko ɗaya daga cikin mutanen da za su hau bas ɗin nan ba, ba kuma za su taɓa sanin ya yi musu wani abu ba. Na yi karatu, na yi aiki da manyan mutane, amma har yau ban ga wanda ya cika mini ido kamar tsohon nan da ke durƙushe a tsakar gida yana yanka abin da ya fi so ba.

Yanzu duk sun tafi, shi da ita da abokinsa makaniki. An raba gidan, an yi shaguna a inda gwaibar take. Mota mai ɗaki 'yan gwangwan ne suka yanka ta suka auna a sikeli. Tayoyi kuwa sun cika gari, ana sauke su tuli-tuli, an shafe su da mai suna ƙyalli, kowa na sauri, ba mai durƙusawa ya duba.

Ni dai na durƙusa. A shagon nan na makon jiya na tattare hijabina na nemo zagayen a jikin kowace taya, yaron shago na tambayata ko ni makanika ce. Da aka gama ɗaura sababbin sai ya dubi tsofaffin nawa, ya ga zanensu bai cinye ba, don ba na yawan tafiya. Ya ce in bar masa su ya rage mini wani abu, akwai masu tasi da ke nema. Na juya ɗaya na karanta lambarta, na bi gefenta da farce.

Na ce masa ya aro mini wuƙa.